Yadda Ake Gano Adireshin IP na Rautar Gida

Mutum yakan daɗe yana amfani da Wi-Fi a gidansa bai taɓa buƙatar sanin adireshin rautarsa ba, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gidan, sai ranar da ya so canza kalmar sirri, ko ya ga intanet ya yi nauyi yana son sanin na'urori nawa ne suka hau, ko kuma yana son sabunta manhajar da ke tafiyar da rautar. Duk waɗannan ayyuka a shafin saitunan rauta ake yin su, shi kuwa wannan shafi ba a intanet yake ba, a cikin rautar kanta yake, kuma ba a isa gare shi sai an san adireshinta. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne canki-canka: su gwada 192.168.1.1, in bai buɗe ba su gwada 192.168.0.1, in shi ma ya ƙi su haƙura. Babu dalilin wannan lalube, domin duk wayar ko kwamfutar da ke haɗe da rauta ta riga ta san adireshin, tana amfani da shi a kowane lokaci, kuma abin da ya rage kawai shi ne a san inda za a duba a cikinta.

Kafin a shiga matakan, ya kamata a warware wani ruɗani da ke ɓata wa mutane lokaci. Rauta tana da adireshi biyu, kamar ƙofar gida mai fuska ɗaya ta ciki da fuska ɗaya ta kan titi. Adireshin ciki shi ne wanda wayoyi da kwamfutoci da talabijin na cikin gida suka san ta da shi, kuma shi ne ke buɗe shafin saituna. Adireshin waje shi ne wanda kamfanin da ke ba ka intanet ya ba ta, wanda shafukan intanet ke gani idan ka ziyarce su. Wanda ya tambayi injin bincike ko wani shafi mene ne adireshinsa, na waje za a nuna masa, kuma a mafi yawan lokuta ba shi yake nema ba.

Adireshin ciki, a tsarin IPv4 wanda har yanzu shi ya fi yawa a gidaje, lambobi huɗu ne da ɗigo ya raba, kowace lamba tsakanin 0 da 255. Wannan tsari bai iya samar da adireshi fiye da kimanin biliyan 4.3 ba, abin da bai ishi na'urorin duniya ba, shi ya sa aka ware wasu rukunoni uku don amfanin cikin gida da ofis kawai, kamar yadda ƙa'idar RFC 1918 ta shekarar 1996 ta tanada. Rukunonin su ne duk adireshin da ya fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Ba a tura saƙo zuwa irin waɗannan adireshi ta kan intanet, saboda haka gidaje masu ɗimbin yawa suna amfani da 192.168.1.1 a lokaci guda ba tare da sun ci karo ba. Rautar ce ke karɓar saƙonnin dukkan na'urorin gida ta fitar da su da adireshinta na waje guda ɗaya, amsa ta dawo kuma ta miƙa wa mai ita, aikin da ake kira NAT. Amfanin sanin wannan a aikace shi ne, idan ka ga adireshin da bai faɗa cikin ɗayan rukunonin ukun ba, to da wuya ya zama adireshin cikin rautarka.

Dalilin da ya sa na'urarka ta san adireshin kuwa mai sauƙi ne. A duk lokacin da waya ta hau Wi-Fi, takan nemi a ba ta adireshi ta hanyar wani tsari mai suna DHCP, rauta kuma ta amsa mata da adireshin da za ta riƙe, da inda za ta riƙa tambayar sunayen shafuka, da kuma adireshin da za ta riƙa tura duk saƙon da zai fita waje. Wannan na ƙarshen shi ne adireshin rautar. Windows na rubuta shi da sunan Default Gateway, Android na rubuta Gateway, na'urorin Apple kuma na rubuta Router, amma duk abu ɗaya ne.

Sharaɗi ɗaya ne kafin a fara, wato na'urar da za ka duba ta kasance a haɗe da rautar da kake nema, ta Wi-Fi ko ta kebul. Idan waya ce, ka kashe datar layi tukuna, idan kuma akwai VPN a kunne ka kashe shi, domin dukansu biyu suna iya karkatar da hanya su nuna maka wani adireshi dabam ko su hana shafin buɗewa.

A kwamfuta mai Windows, hanya mafi inganci ita ce ta rubuta umarni, kuma bai kamata baƙin allon ya tsorata kowa ba, domin wannan umarnin nuna bayani kawai yake yi, ba ya canza komai. Ka danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R a lokaci guda, wani ɗan akwati zai fito, sai ka rubuta cmd ka danna Enter. A baƙin allon da ya buɗe ka rubuta ipconfig ka sake danna Enter. Rubutu zai zubo kashi-kashi, kowane kashi na wata hanyar haɗi da kwamfutar ke da ita, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa. Idan ta Wi-Fi kake, ka nemi kashin da kansa ke cewa Wireless LAN adapter Wi-Fi, idan ta kebul ne ka nemi Ethernet adapter. Duk kashin da aka rubuta Media disconnected a ƙarƙashinsa ka wuce shi, ba ya aiki a lokacin. A kashin da ke aiki za ka ga layuka uku a jere. Alal misali, IPv4 Address zai iya nuna 192.168.1.23, wanda shi ne adireshin kwamfutarka, Subnet Mask ya nuna 255.255.255.0, sannan Default Gateway ya nuna 192.168.1.1, wanda shi ne na rauta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafi layin farko maimakon na uku, saboda sun yi kama. Kamannin nan ma hanya ce ta tantancewa: muddin layin tsakiya 255.255.255.0 ne, lambobi ukun farko na adireshin kwamfuta da na rauta dole su zo ɗaya, ta ƙarshe ce kawai za ta bambanta.

Wani lokaci za ka tarar da adireshi biyu a gaban Default Gateway, na sama dogo mai haruffa da lambobi wanda ya fara da fe80, na ƙasa kuma irin wanda muka saba. Na saman adireshin rautar ne a sabon tsarin adireshi mai suna IPv6, kuma daidai yake, sai dai na ƙasan ya fi sauƙin rubutawa a burauza, shi za ka ɗauka. Haka nan wanda ya sa manhajoji irin su VirtualBox zai ga ƙarin kashi mai adireshi kamar 192.168.56.1 amma gurbin Default Gateway ɗinsa babu komai. Wannan hanyar haɗi ce ta cikin kwamfutar, ba ruwanta da rauta.

A kwamfutar Mac, ka riƙe maɓallin Option sannan ka danna alamar Wi-Fi da ke saman allo, bayanan haɗin za su bayyana, cikinsu har da layin Router. A Linux, umarnin ip route ya wadatar, domin layin da ya fara da default via shi ke ɗauke da adireshin. A iPhone da iPad kuma, ka shiga Settings, ka shiga Wi-Fi, ka taɓa ƙaramin harafin i da ke cikin da'ira kusa da sunan Wi-Fi ɗin da kake kai, ka gangara ƙasa har ka ga Router.

Android ce ke buƙatar ɗan haƙuri, saboda kowane kamfanin waya yana tsara shafin saitunansa yadda ya ga dama, kuma tsarin yakan canza daga wannan sabuntawa zuwa waccan. Abin da bai canzawa shi ne hanyar gaba ɗaya: ka shiga saituna, ka shiga ɓangaren Wi-Fi, ka taɓa sunan Wi-Fi ɗin da kake kai ko alamar saiti da ke gefensa, sannan ka nemi layin Gateway, wanda a wasu wayoyin sai an taɓa Advanced ko View more yake fitowa. Akwai wayoyin da ko an yi haka ba za su nuna shi ba. A irin waɗannan, ka nemi inda aka rubuta IP settings, za ka ga yana kan DHCP, sai ka mayar da shi Static na ɗan lokaci, nan take gurabe za su buɗe ɗauke da adireshin wayar da na rautar. Ka kwafe lambar, sannan ka fita ba tare da ka adana canjin ba. Wannan gargaɗin yana da muhimmanci, domin idan wayar ta zauna a kan Static za ta riƙe adireshi ɗaya ba tare da sanin rauta ba, wata rana rautar ta ba wa wata na'ura wannan adireshin, su biyun su riƙa yankewa ba a san dalili ba.

Akwai kuma takardar da kamfani ke liƙawa a ƙarƙashin rauta ko a bayanta, a ƙananan rautoci na aljihu kuma sau da yawa tana ƙarƙashin murfin batir. A kanta akan rubuta adireshin asali, da sunan shiga, da kalmar sirri. Yawancin rautocin aljihu na Huawei suna zuwa da 192.168.8.1, rautocin gida na Xiaomi kuma da 192.168.31.1, na MikroTik da 192.168.88.1, na FRITZ!Box da 192.168.178.1. Wasu kamfanoni sun ƙara da suna mai sauƙin riƙewa wanda rautar kanta ke amsawa, kamar tplinkwifi.net na TP-Link da routerlogin.net na Netgear. Na sa wannan hanya a baya ne da gangan, saboda takardar tana faɗin yadda rautar ta fito daga masana'anta ne kawai. Idan wanda ya haɗa maka ita ya canza adireshin, ko rautar ta canza shi da kanta don kada ya ci karo da na wata na'ura, takardar ba za ta sani ba, amma wayarka za ta sani.

Da adireshi ya zo hannu, sai ka buɗe burauza ka rubuta shi a gurbin adireshi na can sama, ba a akwatin bincike na tsakiyar shafi ba. Idan burauzar ta kai ka sakamakon bincike maimakon shafin rauta, ka sake rubutawa da http:// a gabansa. Ka kula cewa duka lambobi ne da ɗigo, babu tazara, babu waƙafi, kuma kada ƙaramin harafin l ya shiga gurbin 1 ko harafin O ya shiga gurbin 0, kuskuren da ke yawan faruwa a madannan waya. Burauza za ta iya gargaɗin cewa haɗin ba shi da tsaro. Dalilinsa shi ne rautoci da yawa ba su da takardar shaidar tsaro irin wadda burauza ta amince da ita, kuma muddin adireshin da ka rubuta shi ne wanda na'urarka ta nuna a gidanka, za ka iya ci gaba. A Wi-Fi na wani wuri da ba naka ba kuwa, wannan gargaɗi ba abin yi wa riƙon sakainar kashi ba ne.

Idan shafin ya ƙi buɗewa, adireshin na'urarka ne zai fara gaya maka inda matsalar take. Idan ya fara da 169.254 kuma gurbin Default Gateway babu komai, ma'anarsa na'urar ta nemi adireshi ba ta samu amsa ba, sai ta ba wa kanta ɗaya. A nan ba ka tare da rauta tukuna, ko da alamar Wi-Fi ta cika. Ka kashe rautar ka kunna, ka duba kebul, ka sauka daga Wi-Fi ka sake hawa, a Windows kuma ka rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew domin kwamfutar ta sake neman adireshi. Idan adireshin daidai yake amma shafin bai zo ba, ka koma baƙin allon ka rubuta ping ka bi shi da adireshin rautar. Amsa ta dawo, to hanya a buɗe take, matsalar ta burauza ce ko ta shafin, sai ka gwada wata burauzar. Ka kuma tabbatar ba a kan Wi-Fi na baƙi kake ba, domin an tsara shi ne musamman ya ba da intanet ya kuma hana isa ga saituna da sauran na'urorin gida. Sannan akwai rautocin zamani, irin su eero da Google Nest Wifi, waɗanda ta manhajar waya ake sarrafa su, don haka ko ka samu adireshin ba za ka tarar da shafin saituna irin na sauran ba.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne gidan da ke da na'ura fiye da ɗaya, kuma irin waɗannan gidaje sun yi yawa yanzu. Sau da yawa kamfanin intanet yakan kawo akwatinsa, wanda shi ma rauta ne, mai gida kuma ya sayi tasa ya jona a bayansa don Wi-Fi ya fi ƙarfi. A wannan hali na'urarka za ta nuna maka rautar da take kai ne kawai, ba ta san ta gaba ba. Don gano ta gaban, ka shiga shafin rautarka ka duba ɓangaren WAN ko Internet, adireshin da aka rubuta a matsayin Gateway a wurin shi ne na akwatin kamfani. Wata hanyar ita ce ka rubuta tracert 8.8.8.8 a baƙin allon Windows, ko traceroute 8.8.8.8 a allon umarni na Mac da Linux mai suna Terminal, wanda zai jero tashoshin da saƙo ke bi a kan hanyarsa. Layin farko rautarka ce. Idan layi na biyu ma ya fara da 192.168 kuma amsarsa ta zo cikin milisakan ɗaya ko biyu, to kusan tabbas wata rauta ce a cikin gidan. Idan da 10 ya fara, sai a yi hattara da yanke hukunci, saboda kamfanonin intanet ma suna amfani da wannan rukuni a cikin na'urorinsu.

Akasin haka kuma yana faruwa. Na'urar ƙara zangon Wi-Fi, ko tsohuwar rautar da aka mayar wurin watsa Wi-Fi kawai, ba ita ke fitar da saƙo waje ba, saboda haka ko kana haɗe da ita, adireshin babbar rauta za ka gani a layin Gateway. Don samun nata adireshin, sai ka shiga shafin babbar rautar ka buɗe jerin na'urorin da ke haɗe, wanda akan kira DHCP Clients ko Connected Devices, ka neme ta da sunanta ko da lambar shaidarta da ke rubuce a jikinta, wadda ake kira MAC.

Shafin da ya buɗe zai nemi sunan shiga da kalmar sirri, kuma wannan kalma dabam take da ta hawa Wi-Fi, ko da yake wasu kamfanoni sukan sa su zama ɗaya tun farko. Idan ba a taɓa canza ta ba, tana kan takardar jikin rauta, a tsofaffin rautoci kuma sau da yawa admin ce a gurbin suna da na kalmar sirri duka. Idan har wannan ta buɗe maka, to ina roƙonka kada ka fita sai ka canza ta, domin yadda ta buɗe maka haka za ta buɗe wa duk wanda ya taɓa hawa Wi-Fi ɗinka, kuma wanda ya mallaki wannan shafi yana iya karkatar da kai zuwa shafukan bogi ba ka sani ba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri na asali kimanin 60 kacal, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da na'urorin da ta kame wajen kai hari kan kamfanin Dyn, abin da ya hana mutane da yawa isa ga shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Ka duba kuma ko akwai saitin da ke ba da damar sarrafa rauta daga waje, wanda akan kira Remote Management, ka kashe shi in ba ka da buƙatarsa.

Wanda ya manta kalmar sirrin da ya sa, mafitarsa ita ce ɗan ramin da aka rubuta Reset a jikin rautar, wanda ake dannawa da tsinke na kimanin daƙiƙa 10 tana kunne. Sai dai wannan mataki na ƙarshe ne, ba na gano adireshi ba ne, domin yana goge komai: sunan Wi-Fi, da kalmar sirrinsa, da bayanan da rautar ke shiga layin kamfani da su. Idan haɗinka irin mai buƙatar suna da kalmar sirri daga kamfani ne, wato PPPoE, ka tabbatar kana da su a rubuce kafin ka danna, in ba haka ba za ka samu shafin saituna amma ka rasa intanet.

Saura adireshin waje, ga mai buƙatarsa, misali wanda ke son kallon kyamarar gidansa daga nesa. Ana ganinsa a ɓangaren WAN ko Status na shafin rauta, ana kuma ganinsa a shafukan da ke nuna wa mai ziyara adireshinsa. Yana da kyau a duba duka biyun a kwatanta. Idan sun zo ɗaya, rautarka tana da adireshin waje nata na kanta, ko da yake kamfani yana iya canza shi lokaci zuwa lokaci. Idan sun bambanta, kuma wanda rauta ta nuna yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin ya haɗa ka da wasu abokan hulɗarsa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT, wanda aka ware masa wannan rukuni a shekarar 2012 kuma ya zama ruwan dare a intanet na layin waya. A irin wannan hali, duk yadda ka buɗe hanya a saitunan rautarka ba za a iya iso ta kai tsaye daga waje ba, sai dai ka nemi kamfanin ya ba ka adireshin waje naka kai kaɗai, ko ka yi amfani da IPv6 idan suna bayarwa, ko kuma ka bi ta manhajar da masu kyamarar suka tanada.